Mijin Yayata Ya Buga Katunana Da Sunansa

Anti, don Allah ki taimake ni. Ni malamar tarihi ce a sakandare. Shekara goma sha ɗaya ina kwatanta yadda mutanen dā suka yi noma: Masarawa da ambaliyar koginsu, mutanen Babila da magudanan ruwansu, Inka da gonakinsu hawa-hawa a jikin duwatsu. Duk abin da na karanta sai in rubuta a ƙaramin kati, in jera a kwali, kowace al'umma da launin katinta. Har tsokanata ake a gida wai na auri matattu.

Bara mijin yayata, malamin jami'a ne, ya ari kwalin wai zai leƙa. Mutumin da ya saya mini littafin tarihina na farko, ya zan hana shi? Watan jiya sai ga littafi da sunansa shi kaɗai. Ko a shafin godiya babu ni.

Akwai ranar da koren katin Inka ya ƙare mini, na rubuta bayanin gonakin duwatsu a kan rawaya, launin Masarawa, da niyyar in gyara, na manta. Anti, a shafi na arba'in na littafin nasa Masarawa ne ke noma hawa-hawa a kan dutse. Na yi dariya, sannan na yi kuka. Ya ci amanata. In tona shi, ina zan sa Yaya? In yi shiru, shekaruna sun tafi a banza.

Mai Katuna

Mai Katuna, an zalunce ki, kada ki bari a ce miki ƙorafi ne. Mai yiwuwa ya lallashi kansa cewa shi ya zauna ya rubuta, ke kuma kin bar aiki yana shan ƙura. Da ɗan gaskiya a ciki, amma ba ta wanke shi.

Kada ki fara da duniya. Ki karɓo kwalinki tukuna. Sannan ki same shi a gaban yayarki, ki ajiye rawayan katin kusa da shafi na arba'in, ki nemi a gyara kuskuren, a sa sunanki a bugu na gaba. In ya ƙi, ki rubuta wa maɗaba'a, ba ki da laifi. Yayarki ta cancanci ta ji daga bakinki, ba daga bakin mutane ba.

Daga nan ki zauna ki rubuta naki littafin. Katuna kawai ya ɗauka. Wadda ta san wane kati ne ba a wurinsa yake ba tana nan, ke ce. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa albarka a alƙalaminki.