Ba Zan Faɗi da Gangan Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar bazara, dabinon kwarinmu mai zaƙi, Sufiyanuna mai saurin fushi,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta hana sakat, da fatan fushin ya fara sauka. In bai sauka ba, ka sauke shi! Tun ranar da muka buga wasan haɗa kalmomin Ingilishi a harabar lise, makarantar sakandaren da kake koyarwa, ƙafarka ta ɗauke daga ƙofar gidanmu, maganar turo manyanka wajen Baba ma ta yi shiru. Kullum la'asar sai in shimfiɗa tabarma, in naɗe ta ba wanda ya zauna.

Ka tuna ranar? Kana gaba da maki, abokanka malamai sun kewaye allon, kana ta shafa gemu. Sai na jera haruffa huɗu, ZEBU. Ka ce atafau wannan Faransanci ne, ba shi da gurbi a wasan Ingilishi. Aka duba ƙamus a salula, sai ga shi: saniya mai tozo, irin wadda mahaifinka ke kiwo a Kelle. Bisa dokar wasan, tunda musunka bai ci ba, zagayenka ya wuce a banza. Ban bar ka ka numfasa ba na ɗora DOUM, wato goruba, ka sake musu, ka sake asara. Haba masoyi! An gaya maka Ingilishi ba ya aro? Abokanka suka tuntsire da dariya, ka tashi ba sallama. Ni kuwa ina kallon ƙeyarka, wallahi ban taɓa jin sonka kamar a lokacin ba.

Gwaggo Kaltumi ta zaunar da ni ta yi mini faɗa. Wai in ina son auren nan ya yiwu, in kira ka mu sake bugawa, in ɓoye abin da na sani, in faɗi da gangan a gaban abokanka. Na ce mata a'a.

Don me zan shayar da kai nasarar ƙarya? Wa ya koya mini wasan nan in ba kai ba? Kai ka gaya mini ADDAX dabbar hamada ce mai murɗaɗɗen ƙaho, ERG kuma shimfiɗar tudun rairayi irin wadda ke arewa da mu. Kai ka hana ni ajiye kalmar da ban san ma'anarta ba. Duk wadda na haddace bayan nan, ina daka ina maimaita ta, don in ga idonka ya buɗe da mamaki na yi. To ya buɗe, sai ka gudu?

Na san ka, ya rabin raina. Kunya ce kawai ta riƙe ka, so yana nan daram, kuma kunyar ta kusa gajiya. Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar, ka taho da allon, har da abokanka in ka ga dama. Zan buga da dukkan ƙarfina, mai yiwuwa in sake kayar da kai. Ko wa ya yi galaba, kafin ka tashi za ka faɗa mini ranar da manyanka za su zo, ni kuma in ce na amince.

Ka kwantar da hankalinka. Wadda ta ƙi yi maka ƙarya a kan allo ba za ta yi maka a cikin gidanka ba.

Taka ce yau, taka ce gobe, har ranar da numfashi zai ƙare,
Lailatu