Ranar Da Na Kunna Fitilar Sama A Falon Baba

Lemvig, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Troels,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Siew Ling da ɗiyarmu Alma. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a can Penang. Mu nan muna nan yadda ka san mu a Nuwamba: ruwa ba ya ɗaukewa, iska daga teku, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Maigidana Ebbe yana fama da bayansa, amma bai fasa zuwa kallon ƙwallon hannu ba. Ɗanmu Asger ya fara koyon aikin kafinta, kullum yana dawowa da yatsa a ɗaure. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da ko katin Kirsimeti sai an yi ta yi mini tuni. Abin da zan faɗa ne ba zan iya faɗarsa a waya ba, na gwada sau biyu na ɓige da tambayarka ko ana ruwa a wajenku. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka da zarar na gama, kafin zuciyata ta canza.

Maganar Baba ce. Ka san zamanmu na kofi ranar Lahadi bai canza ba tun zamanin Mama. Ƙarfe uku mu hallara, Gwaggo Ragnhild ta zo da kek ɗinta na kirfa, a hura murhu, a kunna kyandirori a tebur da bakin taga, kowa ya cire takalmi ya zura safar ulu. Kuma ka san dokar teburin, tunda Baba ne ya kafa mana ita muna yara: ba siyasa, ba zancen ciwo, ba tsohon faɗa. Lokacin hygge ne, zaman jin daɗi da kwanciyar hankali, kowa ya bar damuwarsa a ƙofa tare da rigar ruwansa. Ba zan yi maka ƙarya ba, zaman nan ya riƙe ni shekaru. Shekarar da aka sallami Ebbe daga aiki, awa biyun nan ne kawai nake numfashi a mako. Shi ya sa nake tsaronsa fiye da kowa, kuma shi ya sa laifin ya fi yawa a kaina.

Tun watan Satumba Baba ya fara ajiye kofinsa yana gyaran murya, ya ce yana da 'yar magana. Lahadin farko Gwaggo ta tura masa faranti ta ce ya ci tukuna, magana ba ta gudu amma kek yana hucewa. Ta biyu Ebbe ya shigo da labarin wasan da aka ci su. Ta uku ni ce. Na ga fuskarsa ba ta wasa ba ce, sai na dafa hannunsa na ce, "Haba Baba, yanzu fa muka zauna, bari mu ɗan ji daɗi, sai anjima." Ya yi murmushi ya ce gaskiyata ne. Anjimar ba ta zo ba, bai kuma sake ɗaga maganar ba. Kai ma kana cikin zaman, domin a lokacin kake kiranmu ta bidiyo, kana cewa kana kishinmu, ku zufa mu kyandir. Kana ganinsa cikin rigar sanyinsa mai kauri, haske ja-ja a fuskarsa, kana cewa tsoho ya ƙi tsufa.

Ranar Talatar makon jiya na biya in kai masa burodi bayan na tashi aiki. Ƙwayar maganinsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujera, na lalluba ban gani ba, sai na miƙa hannu na kunna fitilar sama. Ka tuna fitilar nan da Mama take cewa ta ɗakin tiyata ce, wadda ba a kunna ta sai ranar share-share. Troels, da na ɗago na kalle shi sai da na zauna a ƙasa. Idanunsa sun yi rawaya, fatarsa ma haka, wuyan rigar ya yi masa yawa har ana ganin ƙashi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to mu wata biyu muna zaune da fuskar mahaifinmu a hasken kyandir, ba wanda ya gan ta. Abin da ya fara ce mini shi ne in kashe wannan abar, tana sa falo ya zama kamar tashar mota. Na ce ba zan kashe ba sai ya gaya mini.

Ciwon daji ne, ya riga ya kama hanta. Mako bakwai ke nan da saninsa. Shi kaɗai ya hau bas ya je asibitin birni, shi kaɗai ya zauna aka gaya masa, ya hau bas ya dawo, ya tsaya a shago ya sayi kyandirorin Lahadi. Na yi kuka, na kuma yi masa faɗa, na tambaye shi yadda mutum mai 'ya'ya zai yi haka. Ya ce ai ya gwada, amma duk lokacin da ya buɗe baki sai ya ga yadda muka baje muna dariya, ya ji kunyar zama shi ne mai ɓata zama, a teburin da shi ya yi wa doka. Har da zolayata, wai ya yi mini tarbiyya ta yi kyau fiye da kima. Sai na tuna haka muka yi wa Mama a shekararta ta ƙarshe, muna ta zuba mata kofin da ba ta iya sha, kuma har yau ban san abin da take so ta gaya mana ba.

Lahadin da ta wuce, bayan ka kashe waya, na faɗa wa sauran a kan teburin. Gwaggo ta ajiye wuƙar kek ta ce ba a nan ba, Bodil, akwai ranar Litinin. Na ce mata Litinin ba ma haɗuwa, Talata ma haka, wannan ne kaɗai wurin da muke zama tare, kuma shi ne wurin da muka hana kanmu magana. Ta tashi ta shiga kicin ta daɗe tana wanke kofi ɗaya. Baba ƙaninta ne, shekara saba'in da takwas suna tare, ban ga laifinta ba. Ebbe ya zauna yana juya cokali. Ba wanda ya ci kek ɗin, Baba ne kawai ya gutsura don kada Gwaggo ta ji haushi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya maka ba sai bayan Kirsimeti. Ya ce ka yi nisa, ba abin da za ka iya sai damuwa, a bar Alma ta yi bikinta cikin daɗi, ai ka ce za ku zo a watan Yuni. Na yi alkawarin, ga shi ina karya shi, kuma ban yi nadama ba. Ranar Alhamis na raka shi asibiti, na ja likitar gefe na tambaye ta ko zai kai Yuni. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta tambaye ni awa nawa ne a jirgi daga inda kake.

A hanyarmu ta dawowa, yana kallon gonaki ta taga, ya ce ya ƙirga masu ɗaukar akwatin gawarsa daga coci. Ni, da Ebbe, da Asger, da 'ya'yan Gwaggo biyu, biyar ke nan. Ya ce na shidan yana Penang, amma kada in damu, wannan kam za ka zo. Ya faɗe shi da dariya, ni kuwa sai da na tsayar da mota a gefen hanya. Ba na so ka zo don ɗaukarsa, Troels. Ka zo yanzu, yana iya zama a kujerarsa, yana iya yi maka tsiya a kan sanƙonka, yana iya amsa duk abin da ka daɗe kana so ka tambaye shi. Zai yi fushi da ni kwana ɗaya, zan iya ɗauka. Ka nemi hutu a wurin aiki gobe, kada ka jira ƙarshen wata.

Ka gaishe mini da Siew Ling, ka ce mata ta yi haƙuri da nauyin da na ɗora muku. Ka rungume mini Alma. Ebbe da Asger suna gaishe ku, Gwaggo Ragnhild ma ta ce a gaishe ka, ko da yake ba ta san abin da na rubuta ba. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same shi.

Yayarka,
Bodil