Jan Babur ɗin Ƙanena Habu

Zuwa ga ƙanena Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana isa gare ka inda kake kwance, na ɗauki alƙalami ne in faɗi abin da girman kai ya hana ni faɗa kana raye. Na yi kishinka, Habu, kuma a kan babur.

Shekarar da naira ta fito ka shigo Birnin Gwari a kan jan babur ɗin nan, ni ina fama da tsohon kekena. Shuri ɗaya yake tashi, giyarsa huɗu, ga rashin nauyi, har mutum biyu kan ɗaga shi su tsallake rafi da damina. Kowa a kasuwa ya shafa tankinsa ban da ni. Na ce ƙararsa ta yi yawa. Ƙarya nake yi, kullum da safe sai na kasa kunne na ji tashinsa.

Tun rasuwar Baba, raba goron suna aikina ne, kwana uku nake yi a keke. Da ƙanwarmu Ladi ta haihu, Inna ta miƙa maka ƙullin goron a gabana. Kafin la'asar ka zaga Kazage da Saminaka ka dawo, ko gumi babu. Tana ta sa maka albarka, ni ko tuwo ban iya ci ba ranar.

Sau nawa ka tarar da ni a hanyar daji ina tura keke a yashi, ka tsaya ka ce, "Yaya, hau in goya ka"? Ni kuwa in ce maka babban wa ba ya zama a bayan ƙaninsa. Sai ka yi oda ka wuce, in bi ka da harara.

Yanzu babur ɗin yana zaure, matarka ta kawo mini mabuɗin. Na goge shi tas, na zuba mai, na tsaya ina kallonsa. Ban iya tuƙi ba. Kai na so ka koya mini, bakina ya ƙi tambaya.

Ga shi ka sake yi mini. Zazzaɓin kwana uku, ka riga ni zuwa wurin Inna da Baba, kuma wannan karon ko tsayawa ba ka yi ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a Aljanna. In mun haɗu, ka sake tambayata. Zan hau baya.

Yayanka,
Garba