Na Yi wa Mutum Ta'aziyyarsa Yana Raye

Assalamu alaikum Gwaggo Amina. Don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana. Abin nan ya kusa zautar da ni, kuma na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini kallon mai taɓin hankali ba.

A Gumel nake. Shekara biyu ke nan ina aiki da wata tawagar bincike ta jami'a mai bin diddigin tarin fuka a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari. Bara sun bi gida-gida sun karɓi kakin masu tari, aka kai gwaji. Ni nawa aikin daban ne. Idan wani cikin mutanen nan ya rasu, ofis kan turo mini sunansa a na'urar da suka ba ni, in bari a yi sadakar arba'in, sannan in je in tambayi iyalinsa yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Kullum da ta'aziyya a bakina nake shiga, don ba a faɗa wa gidan mamaci da tambayoyi kai tsaye.

Da daminar nan suna ya fito, Malam Usaini na Ɗanzomo, kwana arba'in da uku da rasuwa. Na isa da hantsi, gari tsit, kowa na gona. Na tarar da matarsa tana shara. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya cikakkiya, Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Sai na ji tari daga ɗaki. Aka ɗaga labule, ga dattijo ramamme riƙe da buta, yana tambayar wane ne ya mutu. Ashe Malam Usaini ne da kansa. Gwaggo, ban san da wace ƙafa na fita ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya biyo ni har zaure yana murmushi, wai kada in damu, ya karɓi addu'ar, zai ajiye ta.

Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu.

Na gaya wa shugabanmu, Malam Aminullahi, ya ce kuskuren kwamfuta ne, za a duba. Shiru har yau. Amma a Ɗanzomo labari ya gama gari. Ina sauka daga babur mata ke janye 'ya'yansu, na ji da kunnena an ce mini mayya. Ni kaina na fara tsoron kaina. Ko wanki nake ni kaɗai da rana tsaka, sai in ji tarin nan kusa da ni.

To makon jiya wani suna ya sake fitowa, A'i mai fura a kasuwar Maigatari, wai kwana arba'in da ɗaya da rasuwa. Na san ta, na sha furarta. Ranar Alhamis na je na tsaya daga nesa. Tana nan da ranta tana dama wa mutane fura, can sai ta juya baya ta yi tari cikin mayafi. Ban ƙarasa ba. Na dawo na kashe na'urar na tura ta ƙarƙashin gado, ban gaya wa kowa ba. Gani nake idan na je gare ta, ni zan kai mata ajalinta. In ajiye aikin ne? Ko wani abu ne ke tare da ni ban sani ba?

Taki, mai neman mafita, Gumel.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Na tausaya miki ƙwarai. Amma ki saurare ni. Ke ba mayya ba ce, na'urarki kuma ba ta san gaibu ba. Ranar kowa tana wurin Allah.

Ban ga takardun ofishinku ba, don haka ba zan rantse ba. Sai dai ki sake karanta abin da kika rubuto. Mutum biyu, duka suna tari, duka ofishinku yana da sunansu, wato ga alama an karɓi kakinsu bara. Ina zargin sunayen waɗanda gwaji ya nuna suna da cutar ne suka faɗa cikin jerin mamata. Idan haka ne, magani Malam Usaini yake jira, aka aika masa da mai ta'aziyya. Tarin fuka yana warkewa idan an sha magani yadda ya kamata, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati.

Matan Ɗanzomo ba su da laifi, abin da suka gani suke faɗa. Shugabanku yana da nasa, don "za a duba" ba amsa ba ce a kan ran mutum. Ke ma kina da naki, da kika ɓoye.

Ki ciro na'urar nan yau. Ki rubuta wa babban mai binciken da ke sama da shugabanku takarda, ki kai kwafi ga kwamitin jami'a da ke kare haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu, ki nemi a duba duk sunayen, don ba lallai su biyu ne kaɗai ba. Ki nemi mai unguwa ya raka ki wurin matar Malam Usaini, a gwada ta da 'ya'yanta. Tarin da kike ji kuwa, kin shekara biyu kina zama a ɗakunan masu cutar, ki je a gwada ki, mu tabbata ba daga ƙirjinki yake fitowa ba.

Kada ki ajiye aiki yanzu, kada kuma ki jira amsar ofis. Ki je wurin A'i ba na'ura ba takarda, ki sayi fura, ku gaisa, ki ja ta gefe ki ce tarin nan ya dame ki, ki raka ta asibiti da ƙafarki. Zuwanki ba zai kashe ta ba. Abin da nake tsoro shi ne ki ci gaba da leƙenta daga nesa har sunan da ke cikin na'urar ya zama gaskiya, alhali ke kaɗai kika sani.

Allah ya ba A'i lafiya, ya jiƙan Malam Usaini, ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggo Amina