Littafin 'Ya'yan Bakin Iyaka

Harra ta Yamma, Madina
9 ga Maris, 1999

Zuwa ga ƙanena Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sakinatu da yara. Yaya ƙarin haƙurinmu? Wasiƙarka ta iso ta hannun alhazan Zariya.

Mu muna nan dai. Idan an ajiye min abinci in ci, idan barci ya zo in yi. Mata sai yaba tawakkalina suke yi. Ba tawakkali ba ne, Badamasi. Tun ranar da aka kai yayanka maƙabartar Baƙi'a ban ji komai ba, ko hawaye ban yi ba.

Ka ce in adana maka littafinsa ka buga. Yana nan a kwali biyu, aikin shekara goma sha ɗaya, kuma babu wani kwafi. Ka san halinsa, da ajami ya rubuta, wai hannunsa ya fi gudu a haka, kowane shafi da Bismillah a samansa. Na sha yi masa tsiya: mutumin Zariya, mazaunin Madina, me ya haɗa ka da sarakunan Sin na daular Tang? Sai ya yi dariya ya sake ba ni labarin. Wai sarkin yakan zaunar da ƙabilun bakin iyaka, ya naɗa wa shugabanninsu sarauta, ya tura su yaƙi da 'yan'uwansu na ƙetare. 'Ya'yansu kuma a kai su fada su zama dogarai, su girma a can har harshen iyayensu ya kuɓuce musu. Nan wurin ne kullum yake tsai da labarin.

Idan na fita takaba zan aiko maka. 'Yata Hanan tana gaishe ka, ita ke ɗawainiya da ni idan ta dawo daga saidaliyya, kantin maganin da take aiki.

Matar yayanka,
Ƙaltume

Harra ta Yamma, Madina
20 ga Mayu, 1999

Ƙanena Badamasi,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. A gaida Sakinatu.

Kada ka ƙara neman mai bugawa. Littafin ba ya nan.

Iƙamarmu, takardar izinin zamanmu a ƙasar nan, a kan tasa take, don haka dole mu bar gidan. Hanan ta shiga kwashe ɗakin karatunsa, ni ina ɗaki da masu gaisuwa. Ta ga takardu da baƙaƙen Larabci da sunan Allah, ta karanta ba ta gane ba, ta ɗauka addu'o'insa ne na gida. A nan akwai akwati a bakin masallaci da ake zuba tsofaffin takardu masu sunan Allah, a je a ƙona su don kada a taka. Can ta kai su, kwali biyun duka. Sai bayan kwana tara na sani. Ba ni da halin fita, na roƙi maƙwabcinmu Abdulrauf ya duba. An riga an kwashe.

Wa zan zarga? Yarinyar da ta girmama sunan Allah? A Madina na haife ta, ni da shi ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata ajami. Ban gaya mata ba, kai ma don Allah kada ka gaya mata.

Jiya muna naɗe kaya ta tambaye ni me Baba yake ta rubutawa shekara da shekaru. Na ba ta labarin yadda yake ba ni, har wurin 'ya'yan da aka kai fada. Ta saurara sosai, ta tausaya wa yaran nan, ta ce tana so ta karanta idan ka buga. Duk wannan da Larabci ta faɗa, ba da Hausa ba.

A nan na yi kukan, Badamasi. Ta zaci na mahaifinta ne kawai.

Taka,
Ƙaltume