Jirgin da Sadok Ya Sayo a Jarjis

Jarjis, 5 ga Mayu, 1991

Zuwa ga Yaya Shadliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da dukan mutanenmu na Attaya. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Na sayi jirgi.

Ƙaramin jirgin ruwa ne, na katako, mai zane ɗaya da iska ke turawa, ba shi da inji, irin wanda Baba yake fita da mu a ciki muna yara. Na wani tsoho ne mai nutso yana ciro soso a ƙasan teku, ya rasu, 'ya'yansa suka ce su ba su da lokacin jiran iska. Na bi shi da hannuna tun daga goshi har baya, katako biyu kaɗai na samu sun ruɓe, an kuwa canja su.

Na saki ɗakin da muke haya a Gabis. Tun da matata Jannat ta rasu bara zaman cikinsa ya gagare ni. Aikin tashar jiragen ruwa ma na ajiye. Shekara talatin ina loda kaya a jiragen mutane, ina kallonsu suna tafiya. Yanzu gida nake so, tsibirinmu Ƙarƙana, kuma ta ruwa nake so in shigo, da hannuna.

Zan zagaya tsibirin Jarba ta gabas in tsaya Humt Suk, in biya Gabis in yi sallama da kabarinta, sannan Maharas, daga nan in tsallako. Ki rubuto mini ta hannun Si Mabruk mai shayi a bakin tashar Humt Suk.

Maganar Yaya Ayyad na bar miki. Shekara goma sha bakwai ke nan bai amsa sallamata ba. In kin ga ya dace ki gaya masa, ki ce ba ɗaki nake nema a gidan Baba ba. Wurin ɗaure jirgi kawai.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Sadok

*

Attaya, Ƙarƙana, 11 ga Mayu

Sadok,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa kuma da sauƙi, sai dai takardarka ta kusa mayar da ni kwance.

Kai yanzu da furfurarka, shekara hamsin da biyar, za ka hau katakon mamaci kai kaɗai? Mota ta ƙare a ƙasar ne? Ka hau ta Sfaks, ka shigo babban jirgi kamar kowa, a turo maka kwalekwalen naka daga baya.

Na gaya wa Ayyad. Na same shi a bakin ruwa yana fiƙe zarbar dabino, zai gyara shingen kifi. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Wa ya koya masa tuƙi?"

Na ce, "Uban da ya koya maka."

Ya ce, "Mutumin da ya kasa shigo jirgin fasinja ranar da na wanke Baba ni kaɗai, shi ne zai tsallako da zane? Ki bar ni in yi aikina."

Na tafi. Da la'asar sai ga shi a ƙofata, wai aron allura ya zo. Ya gama kame-kamensa ya ce ta wane gefen Jarba za ka bi. Na ce ta gabas. Ya yi tsaki, ya ce in gaya maka kada ka kusanci Humt Suk ruwa yana janyewa, ka bi tsakanin sandunan da aka kafa, in ka kauce taɓo ne. Ya ce kada in ce shi ya faɗa. To, ban ce ba.

Yanzu ga tambayata, kuma kada ka yi mini kwana-kwana. Me ya sami rubutunka? Kai da malamin makaranta yake ɗaga allonka yana nuna wa yara. Baƙaƙen nan sun yi girma kamar na ɗan koyo, layi yana hawa yana sauka, a wuri biyu ma ka rubuta layi a kan layi. Ni na goye ka, Sadok. Ka faɗa mini gaskiya.

Allah ya tsare mini kai.

Yayarka,
Shadliya

*

Humt Suk, 17 ga Mayu

Yaya Shadliya,

Assalamu alaikum. Za ki ga hannun ba nawa ba ne. Si Mabruk ne yake rubutawa ina faɗa masa, shi ne kuma ya karanta mini taki.

Kwana uku na yi daga Jarjis, ina tafiya da rana, ina kwana a gaɓa. Jirgin yana da kirki, Yaya. Yana jin iska tun kafin ni in ji. Ranar farko da zanen ya cika ya ɗauke ni, na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Shawarar da ba ki ce Yaya Ayyad ya bayar ba ta iske ni bayan aikin gama ya gama. Na shigo ruwa yana janyewa. Masunta suna ta ihu, "Hagu! Bi sanduna, kai na jirgi!" Ina jin muryarsu sarai, amma ban ga sanda ko ɗaya ba. Jirgi ya hau taɓo ya kwanta a gefe. Awa shida ina zaune a kai, rana tana dukana, har ruwa ya ciko suka jawo ni.

To ga gaskiyar da kika nema. Idona yana tafiya. Shekara biyu ke nan. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama kamar mai leƙe ta ramin makulli, abin da ke tsakiya kaɗai nake gani, shi ma dishi-dishi. Ya ce da wuya in kai baɗi da shi.

Ban gaya wa Jannat ba, tana fama da nata. Bayan ta tafi na zauna na tambayi kaina abin da nake so in gani da ɗan sauran da ya rage. Dabinan Ƙarƙana ne, yadda suke fitowa daga cikin ruwa tun ba a ga ƙasa ba, in mutum yana shigowa da jirgi. Ta babban jirgi, a cikin hayaƙi da turereniya, ba haka suke ba.

Na san kuskure ne. Amma zan ci gaba da zarar iska ta juya. Ki yafe mini ɓoyon da na yi.

Ƙanenki,
Sadok

Hajiya, ni ne Mabruk, wannan bai san na ƙara ba. Jiya ɗan'uwanki ya kusa takawa cikin teku daga kan tasha, yana zaton hanya ce. Na zare sandar tuƙin jirginsa na ɓoye a bayan buhunan gawayi, na ce masa ɓarayi ne. Ba zan iya riƙe shi fiye da mako ba. Ku turo wani, don Allah.

*

Humt Suk, 23 ga Mayu

Shadliya,

Gaisuwa. Na iso jiya da azahar. Ki gaya wa maƙwabci ya riƙa duba mini shinge.

Kada ki ɗauka kukanki ne ya taso ni. Ba na so a ce ɗan gidanmu ya nutse a ruwan da bai kai ƙirji ba, a yi ta mana dariya har jikoki.

Na same shi zaune a kan tulunan kamun ƙarnit, kifin nan mai hannu takwas, yana ɗinkin zane da lalube. Ya rame. Ya koma kamar Baba sak, har yadda yake karkata kai. Na tsaya a gabansa, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Bawan Allah, ko wani kake nema?"

Na dubi ɗinkin da ke hannunsa. Sannan na ce, "Wannan ɗinkin naka ko buhun albasa ba zai riƙe ba."

Allurar ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe ya ce, "Yaya." Na ce ya zauna kafin ya faɗa ruwa ya ja mini aiki.

Jirgin ba laifi. Wanda ya ƙera shi ya san hannunsa. Igiyoyin ne duk mutumin birni ya ɗaure su kamar na shanya, na sake su. Mai shayi ya fito da sandar tuƙi, ya ce wai ɓarayin ne suka tuba.

Na ce mu miƙe gida kai tsaye. Ya ce sai ya biya Gabis. Na ce iska ba ta son haka. Ya ce to in sauka ya tafi shi kaɗai. Taurin kan nan ba a wurina ya gado ba. Gobe za mu tashi.

Ayyad

*

Gabis, 27 ga Mayu

Yaya Shadliya,

Assalamu alaikum. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Mun yini biyu a hanya. Ba mu yi wata hira ba, daga "ja igiya" sai "sunkuya". Da rana muka ci burodi da man zaitun da barkono, kowa yana kallon gefensa. Amma zan faɗi gaskiya, yana jin ruwa. Sau biyu yana ce mini mun shiga marar zurfi tun kafin in ga launin ya canja, wai ƙarar da ke ƙarƙashin katako ce ta sauya.

Jiya da safe muka je maƙabarta. Na yi niyyar tsayawa a bakin ƙofa, don kin san ban taɓa shiri da auren nan ba. Sai na ga yana ta bin layi yana shafa duwatsu, ya rasa wurin. Ya juyo ya ce, "Yaya, karanta mini sunayen." Na kama hannunsa muka bi har muka sami na Jannat. Muka yi addu'a.

Na ce mu tafi. Ya ce saura ɗaya, can wajen katanga, inda ake sa yara. Na ɗauka na wani maƙwabci ne. Ya ce in nemi ƙaramin dutse mai shuɗin fenti. Na same shi, ciyawa ta rufe rabinsa. Na share na karanta da ƙarfi, don ya ji.

Wanasa 'yar Sadok. Sunan Inna, Yaya. A ƙasa an rubuta tara ga Nuwamba, 1974.

Na sake karantawa a zuci. Kin san ranar. Ita ce ranar da na tsaya a bakin gaɓa tun hantsi ina duban jirgin Sfaks, gawar Baba tana jira a ɗaki, liman yana aiko mini.

Na ce, "Wace ce wannan?"

Ya ce, "'Yata ce. Kwana tara ta yi."

Ya ce bayan ɓari huɗu sun daina gaya wa kowa in an samu ciki, don Jannat ta gaji da jin ana cewa ya auro juya daga tudu, ba 'yar tsibiri ba. Wannan ta zo da rai, ba ta cika wata ba. Suka ce sai ta yi ƙwari za su kawo ta gida a gan ta. Wayar rasuwar Baba ta same shi a asibiti, yarinyar tana hannunsa tana ja da numfashi, uwar kuma jini ya ƙi tsayawa. Ya binne ta da la'asar, lokacin da muke binne Baba.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa? Bakinka ciwo yake?"

Ya ce ya zauna zai rubuto, sai tawa takardar ta riga iso. Kin san abin da na rubuta a ciki, ke kika hana ni aikawa na ƙi ji. Na ce daga ranar ba shi da uba ba shi da wa, ya zauna wurin matar da ta fi masa mu. Ya ce da ya karanta sai ya ga in ya ambaci yarinyar kamar ya kawo gawarta ne don a yafe masa, shi kuwa ba zai yi ciniki da ita ba. Jannat ma ta roƙe shi ya bar maganar. Da shekara ta yi shekara, sai bakin ya yi nauyi.

Ya faɗi wannan duka ba tare da ya ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa na ci gaba da cire ciyawar har na gama, na nemo ruwa a wurin mai gadi na wanke dutsen. Ya tsuguna kusa da ni yana shafawa. Can ya ce, "Fentin yana nan?" Na ce ya kusa gogewa. Da yamma na sayo gwangwani na sake shafa mata.

Shekara goma sha bakwai, Yaya. Ina da 'yar ƙane a ƙasa ban taɓa yi mata fatiha ba.

Yau da muka koma jirgi na ce masa ɗakin Baba yana nan, ba kowa a ciki sai tarkacen raga. Ya ce shi wurin ɗaure jirgi ya roƙa. Na ce ban tambaye shi abin da ya roƙa ba.

Ki sa a fitar da ragar, a share, a yi farar ƙasa. A cire dakalin nan na bakin ƙofa, zai yi tuntuɓe da shi.

Ki yi mana addu'a, ni na fi shi bukata.

Ƙanenki,
Ayyad

*

Maharas, 1 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Na ba direban motar kifi wannan, za ta riga mu.

Iska ta juya. In Allah ya yarda jibi Litinin bayan sallar asuba za mu tsallako, mu iso kafin la'asar. Shi zai riƙe sandar tuƙi tun daga nan har gaɓa, ni ina goshi ina faɗa masa hanya. Ban sani ba ko zai ga dabinan. Jiya na nuna masa hasumiyar masallaci bai same ta ba sai da na juya masa kai da hannuna. In ta kama, haka zan yi masa.

Ki fito bakin ruwa ko da sanda ne. Kada ki tsaya ɗaga hannu, ba zai gani ba. Ki kira sunansa da ƙarfi.

Ayyad