Cokalin da Aka Miƙo Mini a Nijar

Lahadi da dare, Lewisham

Yau a coci muka ba da rahoton aikin bishara da muka je yi Nijar. Fasto ya nuna ni, wai ni 'yar gida ce a can. Aka tafa mini.

Ban ba su labarin cokalin ba. Ran da aka yi mana tuwo a ƙauyen, na wanke hannu na nufi tabarmar mata. Wata tsohuwa ta tare ni: "A'a, 'yata, ke baƙuwa ce." Ta zaunar da ni a kujera cikin Turawa, ta miƙo mini cokali. Na karɓa, har da godiya.

Yanzu na tuƙa tuwo a flat ɗina. Ina ci da hannu, ni kaɗai.